Littattafan Girmay da Ranar Fau

Safiya ce ta kawo mini maganar, ranar da ta dawo daga sunan jikar Yaya Idrisu. Ta zauna a bakin angarib, gadon igiyar nan, ko tob ɗin da ta yi lulluɓi da shi ba ta cire ba, ta ce wata tsohuwa ta nuna ta da baki a tsakiyar mata, ta ce ai wannan 'yar Adamu ce, wanda ya sha ya bugu ya lalata wa wansa waƙa a garin Fau. Sama da shekara talatin ke nan ana yawo da wannan magana. Na yi shiru ne saboda uwarku ta roƙe ni in yi shiru, yanzu kuwa Allah ya karɓi abarsa, babu wanda zai sake rufe mini baki. Saboda haka ke Safiya, da kai Musa, da ke Hawa, ku karanta wannan har ƙarshe. Ban taɓa kai giya bakina ba, ko aragi ko marisa, ba ranar ba, ba kafinta ba, ba bayanta ba. Abin da na yi a Fau da hankalina garau na yi shi, kuma ba abin kirki ba ne. Amma a zarge ni da abin da hannuna ya aikata, a daina jingina mini ƙaryar da aka ƙaga don a wanke wani.

Kun san asalinmu. Kakata, uwar Inna, da ƙafa ta taso daga yamma da niyyar Makka, suna tafe suna tsayawa aikin gona don su sami na gaba. A nan Gadarif tafiyar ta ƙare, ba ta taɓa ganin teku ba. A gida Hausa muke yi, da mun fita ƙofa sai Larabci. Yaya Idrisu ya girme ni da shekara bakwai, shi ya goya ni, shi ya koya mini tuƙin tarakta, kuma Allah ya ba shi murya irin wadda ke sa mai shayi ta manta da ruwa a wuta. Wannan ba zan hana shi ba ko yau. Yana da firƙa, wato ƙungiyar makaɗa, ta mutum huɗu: shi yana waƙa, Jibrin na kaɗa akodiyon, akwai mai ganga, sai ni da jitar bes. Ba don gwaninta aka ba ni bes ba, babu mai so ne. Jita ce mai nauyi, tsirkiya huɗu masu kauri, sautinta a ƙasa yake kamar kukan inji daga nesa. Yaya ya nuna mini wurare biyu a wuyanta, ya ce in danna nan, in ya ɗaga gira in danna can. Shekara huɗu na yi ina danna wurare biyun nan a bukukuwa, ina jin kaina makaɗi.

Wanda ya fasa mini wannan girman kai wani Bahabashe ne, makanikin tarakta, sunansa Girmay. Yaƙi ya koro shi daga ƙasarsu, ya yi zaman sansani a Umm Rakuba, daga baya ya shigo gari yana gyaran injuna. Kafin gudun hijira a otal-otal yake kaɗa bes. Ya gan ni a wani biki, washegari na kai masa tarakta, kansa na cikin inji ya ce mini da gurgun Larabcinsa:

"An ba ka gona mai faɗi, kai kuma kullum kunya biyu kake nomewa."

Na ji haushi, na kwana biyu ban gaishe shi ba. A rana ta uku na koma da jitar. Bai koya mini da yawa ba, domin takardunsa na tafiya ƙasar waje sun fito a cikin watan. Ranar da zai hau mota ya miƙo mini littattafai guda biyu da suka sha hannu, duk tabon baƙin mai a gefensu. Ya ce na farko zai nuna mini hanyoyin da ke wuyan jita, na biyu zai nuna mini yadda sautuka ke zaman lafiya da juna. Ya ce da su ya tsallako iyaka, ya bar takalmansa bai bar su ba.

Da Turanci aka rubuta su, ni kuwa aji huɗu na yi a makaranta, ko harafi ɗaya na Turanci ban sani ba. Sai na dogara da zane. A kowane shafi akwai layi huɗu a kwance da lambobi a kansu. Na gane layukan su ne tsirkiyoyi, lambobin kuma su ne wuraren da ake dannawa, domin wuyan jita a rarrabe yake da ƙananan ƙarafa a gicciye, tsakanin kowane ƙarfe biyu ni ɗaki nake ce masa. Ɗaki na uku, ɗaki na biyar, haka. Na ɗauka layin sama shi ne tsirkiyar sama, mai kaurin nan. Wata biyu na yi a ƙarƙashin rakuba, rumfar gidanmu, ina bin zanen, abin da ke fitowa kuwa ko akuya ba za ta saurara ba. Na zagi Girmay, na zagi wanda ya rubuta littafin, sau ɗaya ma na yi jifa da shi ya faɗa kusa da tulu.

Uwarku Amna ce ta ɗauko shi ta goge. A lokacin tana da cikin Safiya. Ta fi ni karatu, ta kai makarantar tsakiya, ta san haruffa. Ta duba ta ce a farkon kowane layi akwai harafi, ta karanto mini su huɗu. Na kira Jibrin, shi da do re mi ya san sautuka, muka zauna mu uku muna gwadawa da akodiyon har muka gano wane harafi ne wane sauti. A nan ta bayyana cewa layin ƙasa shi ne tsirkiya mai kauri. Wata biyu ina karatu a kife. Amna ta yi dariya har ta riƙe cikinta, sannan ta ɗauki fensir ta rubuta mini do re mi da Larabci a gefen kowane harafi, shafi bayan shafi, tana jiran kisra, wainar dawarmu, ta gasu tana rubutu. Ta kuma ɗinka wa littattafan jaka da ragowar yadin rigata. Duk wanda ya ce muku uwarku ba ta son kiɗana, bai san ta ba.

Damina ta faɗi, muka tafi kambo, sansanin ma'aikata a mashru', babbar gonar da nake tuƙi, can kudu da gari. Kun san baƙar lakar wurin, in ta jiƙa babu motar da ke shiga babu mai fita. Babu wuta, bes kuma in ba a jona ta da lasifika ba, da ƙyar ake jin ta. Sai na gano in na jingina kan jitar da barmil, duron mai wanda ba komai a ciki, ƙarfen zai ɗauki sautin ya ƙara shi. Da rana tsaka, in ma'aikata sun kwanta hutu a inuwar tirela, ni ina gindin barmil. Suna ce mini mai kiɗa wa aljanun gona. A nan wuyan jitar ya buɗe mini. Na gane cewa sauti ɗaya yana da gidaje da yawa: in ka tsallake tsirkiya ɗaya ka matsa ɗaki biyu, za ka same shi a can yana jiranka, sai dai da siririyar murya. Na gane a ɗaki na goma sha biyu, inda aka yi ɗigo biyu, komai yake komawa farko. Na riƙa rufe ido ina kiran sunan sauti ina nemansa a kowace tsirkiya, in na kuskure in koma baya. Yatsuna suka fashe, man inji ya shiga tsagar, na ɗaure da tsumma na ci gaba.

Littafi na biyu ya fi wuya, shi ne kuma ya canza ni. Ya nuna cewa a ƙarƙashin kowace waƙa akwai sautuka uku da ke tafiya tare, tushe da na uku da na biyar, mai bes kuma shi ke riƙe da tushen, shi ke gaya wa kunne inda aka tsaya da inda za a dosa. In ka ja sauti na ukun nan baya da ɗaki ɗaya tak, waƙar da ke dariya sai ta koma mai tausayi. Ranar da na fara jin haka da hannuna, na ajiye jitar na zagaya bayan tirela don kada a ga idona. Tsanin sautukan littafin hawa bakwai gare shi, waƙoƙinmu na nan kuwa hawa biyar ne, saboda haka ba komai na ɗauka ba. Sai da na zauna na tace abin da zai shiga kiɗanmu ba tare da ya ɓata masa fuska ba. Na sayi daftari, duk abin da na gano sai in zana shi da layi huɗu da lambobi kamar yadda littafin ke yi.

Akwai wata waƙa da kakata ke yi in tana niƙa, Inna ta gada daga bakinta. Waƙar wata mata ce mai tafiya, duk garin da ta isa sai ta tambayi mutane ko teku ya yi kusa, su ce mata gaba. Da Hausa take, tsohuwar Hausa. Ita na ɗauka na gina mata ƙasa. Na tsara yadda a cikin baiti akodiyon zai yi shiru, a bar murya da ganga da bes kawai, bes na takawa a ƙarƙashin muryar kamar sawun mai tafiya, sai a amshi akodiyon ya shigo gaba ɗaya. Da aka gama noman ciyawa na dawo gari na kaɗa musu. Yaya ya ce in sake, na sake sau uku, sannan ya fara rerawa. Mun kaɗa ta a bukukuwa uku a unguwarmu, a kowanne sai na ga tsofaffin mata suna share ido da gefen tob. A biki na uku akwai wani baƙo da ke aiki da mai buga kaset a Hartum, ya ja Yaya gefe suka yi magana. Yaya ya ce mini gaisuwa ce kawai.

Sai yankan riɗi ya zo. Riɗi ba ya jira, in ya nuna ka yi jinkirin kwana kaɗan zai fashe ya zube a ƙasa, saboda haka duk mai aiki a mashru' ba ya ganin gidansa sai an gama. Yaya ya san da haka sarai, shi ma ɗan gona ne. Ina kambo ya je gidana, ya sami Amna da jaririya a hannu, ya ce mata ni na aiko shi ya karɓo mini littattafan da daftarin. Wa zai yi zargin wan miji? Ta shiga ɗaki ta ɗauko jakar ta ba shi, har ta haɗa masa da gyaɗa soyayya ya kai mini. Da wannan jakar ya hau motar Hartum tare da Jibrin da mai ganga.

Da na dawo na tambayi littattafaina, Amna ta dube ni, na ga fuskarta ta sauya. Ban manta da wannan kallon ba. Har ta rasu tana ganin laifinta ne, ko sau nawa na rantse mata ba nata ba ne. Wannan shi ne abin da ya fi ƙona ni a cikin duk abin da Yaya ya yi: ya yi amfani da kunyar matata ya yi mini sata, ya bar ta da nauyin.

Na same shi a gidansa yana shan jabana, wato gahawa, da baƙi. Na jira suka tafi. Na tambaye shi, bai ko yi musu ba. Ya ce mai kaset yana da nasa mai bes, ɗan birni, wanda ya yi makarantar kiɗa, shi aka ba daftarin ya karanta ya kaɗa. Na ce to ina littattafan. Ya ce mutumin ya nuna yana so, shi kuma ya ji kunyar hana shi, ya bar masa.

"Yaya, ka bayar da abin da ba naka ba?"

"Takardu ne, Adamu. Ai ka riga ka haddace."

"Me ya hana ka tafi da ni?"

Ya juya finjalin a hannunsa, ya ce ba na gane yadda birni yake. Ya ce a can da ka buɗe baki sun ji harshenka, sai su ce Fallata ne, su kalle ka kamar ka zo neman aikin yankan dawa. Shi ya sha wannan kallon tun yana yaro kuma ya gaji. Sannan ya ƙara da maganar da har yau nake ji a kunnena:

"Kai direban tarakta ne. Dubi hannunka. Da wannan zan shiga da kai gaban mutane?"

Na dubi hannuna. Hannun da ya fashe a gindin barmil ne don ya sami abin da zai kai birni.

Kaset ɗin ya fito wajen yankan dawa. A suk, cikin kasuwa, na fara jin sa, a shagon wani mai sayar da batir. Na tsaya cak da buhun albasa a kafaɗa. Takun bes ɗina ne, sauti bayan sauti, har da wani ɗan jinkiri da nake yi kafin amshi, wanda na zana a daftari da alamar da ni na ƙirƙira. Amma babu matar da ke neman teku. An mai da waƙar Larabci, an mai da ita ta wani saurayi da ke kukan budurwa ta ƙi kallonsa. Na karɓi kwalin na ba mai shagon ya karanta mini ƙananan rubutun. Kalmomi da kari da tsarin kiɗa, duk na Ustaz Idris, wato Yaya. Sunan ɗan birnin na nan. Sunana babu, sunan kakata babu, ko kalma ɗaya ta Hausa ba a bari ba.

Na kai ƙara wurin Inna, na ɗauka ita ce za ta fi kowa jin zafi tunda waƙar uwarta ce. Ta saurare ni tana tsince wake a faifai, ba ta ɗago ba. Da na gama ta ce Idrisu ya yi ba daidai ba, amma wana ne, shi ya tsaya mana da mahaifinmu ya rasu, kuma in ƙani ya tona wansa a gari gidan duka ya tona. Ta ce akwai biki a Fau ranar Juma'a, ɗan wani babban ɗan kasuwa ke aure, an kira firƙa saboda kaset, kuma zan je in kaɗa.

"Inna, ko haƙuri bai ba ni ba."

"Ni na ba ka a madadinsa. Za ka je."

Na yi fushi da ita a ranar, kuma ba zan ɓoye muku ba, har yanzu in na tuna sai raina ya sosu. Daga baya Amna ta gaya mini Inna ba ta taɓa yarda a kunna kaset ɗin nan a ɗakinta ba. To me ya hana ta faɗa masa a fuska? Ni aka ga za a iya tanƙwarawa, shi ke nan.

Na je Fau, kuma Allah ne shaidata ban tafi da wata niyya ba. Bayan la'asar aka fara, a ƙarƙashin babbar rumfa, manyan baƙi a kujeru a gaba, ma'aikatan gona a tsaye a baya, da yawansu namu ne Hausawa. Muka yi waƙa huɗu lafiya. Da aka zo ta kaset, Yaya ya riƙe makarufo ya ce wannan waƙa ta zo masa ne a bakin kogi a Hartum. Na haɗiye. Sai ya shiga gabatar da mu ɗaya bayan ɗaya, da ya zo kaina ya dafa kafaɗata ya ce da Larabci, yana murmushi:

"Wannan direbanmu ne. Muna koya masa, yana bin kaset a hankali. In ya yi kuskure ku yi masa uzuri."

Aka yi dariya. Ba dariyar mugunta ba ce, amma ni a lokacin ji na yi wani abu ya yi sanyi a ƙirjina.

Ga abin da na yi, ku fahimce shi da kyau. Na gaya muku a cikin baiti akodiyon shiru yake yi, mawaƙi ba shi da abin dogaro sai bes. Ni na tsara haka, ni na san inda ƙofar take. Baiti na farko na kaɗa daidai. A tsakiyar na biyu, inda Yaya ke jan numfashi, na zame hannuna gaba da ɗaki ɗaya, na ci gaba da takun nan ba tare da na canza komai ba. Kunnensa ya bi ni bai sani ba, muryarsa ta hau. A numfashi na gaba na sake matsawa ɗaki ɗaya. Ya sake bi. Na ga jijiyar wuyansa ta fito, ya fara neman iska, domin akwai wani wuri mai tsawo a ƙarshen baitin da ko a daidai da ƙyar yake kaiwa. Na matsa na uku. Da ya kai wurin muryarsa ta tsage kamar ta zakara mai koyon cara. A daidai lokacin amshi ya zo, Jibrin ya shigo da akodiyon a inda waƙar ta fara, ni kuma na koma wurinsa da sauri. Sai ya zama kiɗa duka na wuri ɗaya, mawaƙi shi kaɗai yana can sama yana lalube. Ya yi ƙoƙarin saukowa ya kasa, ya tsaya, ya sake farawa, ya sake ɓata. Wani daga baya ya yi ihu ya ce a kunna kaset ya fi. Rumfar duka ta fashe da dariya.

Jibrin ya dube ni, ya gane. Yaya ma ya gane, ya juyo, na ga idonsa. Da ya mare ni a wurin da na karɓa. Amma bai mare ni ba. Ya ɗaga makarufo ya ce jama'a su yi haƙuri, ƙaninsa ya sha abin sha kafin a fara, ya rasa inda hannunsa yake. A gaban ɗaruruwan mutane, ranar Juma'a. Na cire igiyar jitar daga wuyana, na jingina ta da lasifika a hankali, domin ta Yaya ce, na ratsa mutane na fita titi na tari lori. Ban sake kaɗa bes a gaban jama'a ba.

Kafin in iso Gadarif maganar ta riga ni. Mai mashru'in da nake wa tuƙi ya aiko a karɓi makullin tarakta, ya ce ba zai ba mashayi inji ba. A masallacin unguwa mutanen da muka taso tare suka riƙa barin tazara tsakanina da su a sahu. Amna ta daina zuwa bukukuwa na tsawon lokaci saboda kallon mata. Na koma garejin da Girmay ya bari na zama makanike, da shi na ciyar da ku. Jibrin ya san gaskiya ya yi shiru don kada ya rasa wurinsa a firƙa, firƙar kuma ba ta kai shekara ba ta watse. Dariyar Fau ta bi Yaya duk inda ya je, mai kaset bai sake nemansa ba, wanda zai gina masa ƙasan waƙa kuma babu. Ya ƙare yana awon dawa a suk. Ni na jawo masa wannan, ban musanta ba. Na karya abin da Allah ya ba shi a gaban mutane, da ilimin da aka ba ni don in gyara sauti. Na daɗe ina jin kunyar Girmay a raina. Amma Yaya yana da shekara talatin da zai iya buɗe baki sau ɗaya ya ce ƙanina bai sha ba, ni na faɗa don in kare kaina. Kalma nawa ce? Bai faɗa ba. Ya ga kuna tasowa ana kiranku 'ya'yan mashayi, bai faɗa ba. Da Inna ke jinyar ajali, ya zauna a wannan gefen angarib na zauna a wancan, ta kama hannuwanmu tana son ta haɗa su ƙarfinta ya kasa, ko a nan bai faɗa ba.

Bara da ya rasu, ɗansa ya zo gareji ya ce babu wanda ya fi ni kusa, ni zan yi masa wanka. Na wanke hannuna na bi shi. Yaya ya rame ƙwarai, na ɗaga shi kamar yaro. Na zuba masa ruwa, na wanke maƙogwaron nan, ina kuka ina jin haushinsa a lokaci ɗaya, ban san ana iya haɗa su ba sai ranar. Da aka jera sahu, liman ya juyo ya ce duk wanda mamaci ya ɗauki haƙƙinsa ya yafe masa saboda Allah. Mutane suka amsa sun yafe, da yawa kuma suka waiwayo suna kallona. Na buɗe baki, abin ya ƙi fita. Ba zan yi wa Allah ƙarya a kan gawa ba. Na sunkuyar da kai, aka yi salla, na shiga kabari na karɓe shi na kwantar da shi da hannuna.

Ban yafe ba tukuna. Ina roƙon Allah kullum ya sassauta mini zuciya kafin a kira ni, shi ma ya yafe mini abin da na yi masa. 'Ya'yan Yaya kuwa ba su yi muku komai ba, 'yan'uwanku ne, ku je sunansu da aurensu, ku ci abincinsu. Wannan fushin nawa ne ni kaɗai, ban bar wa kowa shi gado ba.